Auna ƙurar PM2.5 da hasken terahaz: tambayoyi da amsoshi

Wane irin haske ne terahaz?

Haske ne da ido ba ya gani, yana tsakanin maikurowef da infared, daga terahaz 0.1 zuwa 10 (terahaz 1 shi ne kaɗawa sau tiriliyan ɗaya a sakan). A terahaz 1, tsawon zangonsa maikuromita 300 ne (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙwayar PM2.5 kuwa, wato ƙura mai matuƙar ƙanƙanta da ke yawo a iska, ba ta wuce maikuromita 2.5 ba. Don haka hasken ba ya ganin ƙwaya ɗaiɗai, tarin ƙurar gaba ɗaya yake aunawa.

Yaya ake yin gwajin?

Ana zuƙo iska ta cikin filtar Teflon ko kwaz mai faɗin milimita 47, lita 16.7 a minti, har awa 24, wato kusan kubik mita 24. Daga nan leza mai bugu gajere ƙwarai, na kusan femtosakan 100, takan haska eriyar da ke fitar da terahaz, a ratsa filtar da shi. Sau uku ake aunawa: ba filta, da filta sabuwa, sannan mai ƙura. Bambancin ne ke nuna abin da ƙurar ta shanye.

Me ya fi ɓata sakamako?

Danshi. Tururin ruwa yana shan terahaz sosai a terahaz 0.557, 0.752 da 1.097, har ya binne alamar ƙurar. Shi ya sa ake cika akwatin gwajin da busasshiyar iskar naitrojin. Filtar ma sai ta kwana a ɗaki mai laimar kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, domin gishirin salfet da naitret suna tsotsar ruwa. Ga kuma ƙarancin samfur: iska mai maikurogiram 50 a kubik mita, miligiram 1.2 kacal za ta bari a filta. Idan filtar ta ɗan karkace ko kaurinta ya bambanta da na sabuwar, kuskuren yana iya fin alamar girma.

Zai faɗi sinadaran da ke ciki?

Da ƙyar. Ƙura gauraye ce, ba ta ba da tsayayyar alama kamar tsantsar sinadari. Sai an gina ma'auni da filtoci masu yawa waɗanda aka riga aka san nauyinsu da sinadaransu ta wasu hanyoyi. Amfaninsa dai shi ne sauri, kuma filta ba ta lalacewa.

Ma'aunin wani gari zai yi aiki a kan hazon hunturu?

A'a. Ma'aunin da aka gina da hayaƙin kwal da na motoci bai san ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ba, wadda yawancinta ƙasa ce da silika. Sai an tara filtoci a Kano ko Damagaram an gina nasu.