Hajjin ƙafa da mutanen da hanya ta riƙe

Yau maniyyaci yakan tashi daga Kano da hantsi ya yi sallar magariba a Jidda. A zamanin kakanninmu kuwa, wanda ya ɗaura niyyar aikin Hajji sai ya biya basussukansa, ya bar wasiyya, ya bi gida gida yana neman gafara. Tafiya ce ta shekaru, kuma babu wanda ya tabbatar zai dawo.

Hanya ta farko ta arewa ce. Ayari ya bi ta Agadas, ya ratsa hamada zuwa Fezzan da ke Libiya ta yanzu, ya kai Alƙahira, a can ya haɗu da ayarin Masar. Ta Alƙahira Mansa Musa na Mali ya bi a 1324, haka ma Askiya Muhammadu na Songhai a ƙarshen ƙarni na 15. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Jibrila ɗan Umaru har Agadas, malamin ya wuce Makka, shi kuwa ya juyo gida domin ba shi da izinin mahaifinsa. Amma wannan hanya ta masu raƙumi da guzuri ce.

Talaka hanyar gabas ya bi, da ƙafarsa ko da jaki. Daga Kano zuwa Barno, a ƙetare zuwa Fallomi, wato Njamena ta yanzu, sai Abeshe a ƙasar Wadai, sai Darfur da Kurdufan, har bakin Nilu. Daga nan a nufi Sawakin, a shiga jirgin ruwa a haye Bahar Maliya. Ba a yin ta a tashi ɗaya. Guzuri ya ƙare, sai a yada zango a yi noma damina ɗaya ko biyu, ko ƙodago, ko ɗinki, ko a kafa tsangaya. A nan ake aure, a nan ake haihuwa, a nan ake binne wasu. Akwai kuma abin da ba a son tunawa: wasu yaran da aka fita da su sun ƙare a hannun masu cinikin bayi, domin sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta.

Shekarar 1903 ce ta cika hanyar da mutane. Da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya yi hijira gabas, jama'a suka bar gonaki suka bi shi. Ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har ya kafa gari kusa da Sinnar a Sudan. Garin Mai Wurno yana nan har yau, ana Fillanci da Hausa a cikinsa. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, mahajjatan ƙafa suka zama ma'aikatan da ake nema ruwa a jallo. Da yawa sun tsaya tara kuɗin jirgi, tarin da bai ƙare ba har jikokinsu suka zama 'yan ƙasa.

Larabawa suna kiran waɗannan matafiya Takruri, daga sunan tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Sanagal. Daga nan muka samo kalmar takari. Ni dai raina yakan sosu in na ji ana jifan mutum da ita yau kamar zagi, alhali asalinta sunan mutanen da suka taka dubban kilomita ne don su ga Ka'aba.

Jirgin ƙasa ya iso garin Al-Ubayyid na Kurdufan wajen 1912, ya rage wa ƙafa aiki. Manyan motoci suka biyo baya, sannan jirgin sama daga Kano a shekarun 1950. Fasfo da biza da katin rigakafi suka ƙarasa abin da injin ya fara. Tun Afrilun 2023 kuma yaƙin Sudan ya rufe Al-Junaina da Al-Fashir, garuruwan da ayari ke hutawa a da, kuma cikin waɗanda yaƙin ya raba da gidajensu har da zuriyar mahajjatan da suka zauna.