Libarba don kare kai: abin da dokar Najeriya ta ce

Duk wanda ke bibiyar bidiyoyin Amurka a intanet ya san yadda suke tattauna zaɓen libarba kamar mai zaɓen waya: ta Smith & Wesson ce ta fi ko ta Ruger, wacce ce ba ta sarƙewa, wacce ce ke shiga ƙugu ba ta da nauyi. Su can tsarin mulkinsu, tun gyaran da aka yi masa a 1791, ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami. Na ga matasanmu suna ɗauko wannan hirar, musamman 'yan yankunan da 'yan bindiga suka hana barci, kuma ban zarge su ba. Sai dai a Najeriya tambayar farko ba wacce za a saya ba ce.

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa makamai gida uku. Gida na farko shi ne haramtattu, kuma a nan mutane ke mamaki: libarba da fistol suna jere ɗaya da gurneti, roka da bindiga mai sarrafa kanta. Sashe na 3 ya ce babu mai riƙe ɗaya daga cikinsu sai da lasisin da Shugaban Ƙasa ya bayar, kuma ganin damarsa ne. Ba DPO ba, ba kwamishina ba, ba gwamna ba. Hikimar a fili take: ƙaramar bindiga tana ɓuya cikin riga, a shiga da ita kasuwa ko masallaci ba wanda ya sani. Abin da ya sa Ba'amurke ke sonta shi ne ya sa dokarmu ke tsoronta.

Gida na biyu ya ƙunshi irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da bindigar iska, kuma Sufeto Janar na 'yan sanda ne ke da ikon lasisinsu. Na uku harba-ruga ce da 'yan uwanta da ake ɗurawa ta baki, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ko a nan lasisi ba haƙƙi ba ne. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Harsashi ma sai da izini.

Hukuncin kuwa ba na wasa ba ne. Wanda aka kama da libarba babu lasisi, ɗaurin da dokar ta tanada bai gaza shekara 10 ba, ko da bai taɓa harba ta ba.

A Yunin 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya nemi jama'a su mallaki bindiga su kare kansu. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi, kuma a shari'ance gaskiya ya faɗa, domin makamai sha'anin Tarayya ne. Abin da ke ci mini rai shi ne talakan da zai ji jawabi a rediyo ya ɗauka izini ne, ya sayar da akuyoyinsa ya sayi ƙirar maƙera, sannan a tare shi a shingen bincike ba mai tsaya masa.

Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya amince mutum ya kare ransa da dukiyarsa da ƙarfin da ya dace da barazanar. Amma wannan bai halatta makamin da ke hannunsa ba. Kotu na iya wanke mutum daga laifin harbin ɗan fashin da ya haura masa gida, ta kuma ɗaure shi saboda libarbar da ya yi harbin da ita.