Manyan tayoyi ba sa ƙara wa tsohuwar Hilux ƙarfi

An daɗe ana cewa in aka saka wa tsohuwar Hilux manyan tayoyi, za ta fi ƙarfi a daji. Kuskure ne. In ka cire taya mai inci 29 ka sa mai inci 33, ka rage ƙarfin da ke isa ƙasa da kusan kashi 12 cikin ɗari. Motar za ta riƙa nishi a giya ta biyu, kuloci ya ƙone, boris ya ci da wuri, birki kuma ya yi sanyi. In manyan kake so, dole a canja giyar aksul, wato giyar da ke juya tayoyi, gaba da baya, su zama iri ɗaya. A yashi kuwa, rage iskar taya zuwa 18 a ma'aunin PSI ya wadatar. Ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta.