Waiwaye: John Ridley da gwagwarmayar suna a allon fim

A watan Maris na 2014 John Ridley ya karɓi kyautar Oscar kan rubutun fim ɗin 12 Years a Slave, wanda ya tsara daga littafin da Solomon Northup ya wallafa a 1853 kan shekarun da ya yi cikin bauta. Shi ne baƙar fata na biyu da ya ci kyautar a fannin rubutu, bayan Geoffrey Fletcher a 2010. Tun 1929 ake raba Oscar, wato sai da aka haura shekara 80 kafin ƙofar ta buɗe.

Ba wai marubutan ne babu ba. Oscar Micheaux ya fitar da fim ɗinsa na farko a 1919, ya kuma yi fiye da 40, yana rubutawa yana ba da umarni yana nemo kuɗi da kansa, domin manyan kamfanonin Hollywood ba sa ɗaukar irinsa. Sai a bikin 1973 aka fara ganin baƙaƙen fata cikin ’yan takarar rubutu: Lonne Elder III da Suzanne de Passe. Daga baya Spike Lee da John Singleton suka shiga takara, ba su ci ba a lokacin.

Ridley ɗan Milwaukee ne. Da barkwanci ya fara a dandalin New York, sannan ya koma rubuta wa shirye-shiryen talabijin na ban dariya irin su Martin da The Fresh Prince of Bel-Air. Nan ne makarantar marubuta da yawa: marubuta suna zama ɗaki guda su fasa labari kashi-kashi, a ba mutum ɗaya ya rubuta, shugaban shirin ya gyara.

Darasi mafi ɗaci ya zo masa a 1999. Ya sayar wa Warner Bros. wani labari kan sojojin Amurka da ke farautar zinariya a Yaƙin Gulf. Darakta David O. Russell ya sake rubuta shi, fim ɗin ya fito da sunan Three Kings, aka rubuta Ridley a matsayin mai labari kawai, tsarawa kuma ta zama ta Russell. A Amurka, da zarar marubuci ya sayar da rubutunsa, haƙƙin mallaka ya koma hannun kamfani, kuma kamfani na da damar kawo wani ya sake rubuta shi.

Abin da ya rage masa shi ne dokokin ƙungiyar marubutan fim ta Amurka, WGA. Idan an yi jayayya, marubuta uku da ba a bayyana sunayensu suna karanta duk kwafin rubutun, ba tare da sunayen masu shi a kai ba. A labari na asali, marubucin farko na buƙatar fiye da kashi 33 cikin 100 na rubutun ƙarshe ya zama nasa kafin sunansa ya hau gurbin tsarawa. Wanda ya zo daga baya kuwa sai ya kai kashi 50. Ko an rushe komai, ba a hana na farko gurbin labari. Amma bambancin na aljihu ne: kuɗin da ke biyo baya idan an sake haska fim, kashi 25 ne na mai labari, 75 na mai tsarawa. Ga shi kuma farashin aikinsa na gaba ya dogara ne ga abin da allo ya nuna. Wani kuskuren da zai iya kayar da sababbin marubuta shi ne rashin ajiye kowane kwafi da kwanan watansa, domin alƙalan ba sa duba komai sai takarda.

Ridley kansa bai zauna lafiya da ƙungiyar ba. A yajin aikin 2007 zuwa 2008 ya soke ta, ya janye daga cikakken memba.

Bayan Oscar ya koma talabijin, inda marubuci ke riƙe da linzami. Shi ya ƙirƙiri American Crime, ya shugabance shi a tashar ABC daga 2015 zuwa 2017. A wannan tsakani Barry Jenkins da Tarell Alvin McCraney suka ci kyautar a 2017, Jordan Peele kuma a 2018 ya zama baƙar fata na farko da ya ci ta da labari na asali, bayan shi ne ya ba da umarnin fim ɗin da kansa.