Leonard Cheshire

Leonard Cheshire (1917–1992) matuƙin jirgin yaƙi ne ɗan Birtaniya da ya yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya kuma ya kafa gidajen kula da naƙasassu. An haife shi a Chester, ya karanta shari'a a Jami'ar Oxford, ya shiga rundunar sojin sama ta RAF a 1939.

A watan Nuwamba 1940 makamin kakkaɓo jirage ya farke cikin jirginsa ƙirar Whitley kusa da birnin Cologne na Jamus. Wuta ta tashi a ciki, amma ya lallaɓa da shi har gida, aka ba shi lambar yabo ta DSO. Aikin nan ya ci rayuka ƙwarai: a cikin mutum kusan 125,000 da suka tashi da jiragen bama-bamai na rundunar, fiye da 55,000 ba su dawo da rai ba.

A ƙarshen 1943 ya karɓi ragamar runduna ta 617, inda ya ƙware wajen saukowa ƙasa-ƙasa ya sa wa wurin hari alama da wuta mai haske, don bam ya faɗa inda aka nufa. Halinsa ya fito fili a Limoges ta Faransa, cikin Fabrairu 1944. Masana'antar injin jirgi ce za a rusa, ma'aikata Faransawa na ciki suna aikin dare. Sau uku yana ratsawa dab da rufin, har suka gane suka fice, sannan ya jefa alamar. Bayan ya cika hari ɗari aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi daraja a Birtaniya, saboda jajircewar shekara huɗu.

Yana cikin wakilan Birtaniya biyu da suka kalli jefa bam ɗin nukiliya a Nagasaki daga sama, ranar 9 ga Agusta 1945.

A 1948 ya ɗauki wani tsohon soja, Arthur Dykes, da ciwon daji ya kwantar kuma ba shi da wurin zuwa, ya kai shi gidansa na Le Court, ya yi jinyarsa da hannunsa har ya cika. Marasa lafiya suka yi ta zuwa, daga nan gidajen Cheshire suka samo asali, suka bazu ƙasashe da dama, har da Ibadan a Nijeriya. Ya auri Sue Ryder, wata mai aikin jinƙai 'yar Birtaniya, a 1959, ya rasu ranar 31 ga Yuli 1992 bayan fama da ciwon jijiyoyi.