Waiwaye: Yadda aikin ɗakin gwaji ya zama digirin jami'a a Birtaniya

Mai jinya yakan san sunan likitansa, amma da wuya ya san wanda ya auna jininsa, ko wanda ya daidaita na'urar da za ta ƙona masa ciwon daji. Waɗannan su ne ma'aikatan kimiyyar lafiya. A hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ba su wuce kusan kashi 5 cikin ɗari na ma'aikata ba, sai dai hukumar kan ce hannunsu na cikin kusan kashi 80 na binciken gano cututtuka. Yau digiri ake yi a kan aikin. Farkonsa kuwa almajiranci ne a gindin teburin likita.

Na'urori ne suka haifi sana'ar. A 1901 Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini, abin da ya buɗe ƙofar ƙarin jini ba tare da kasada ba. A 1903 Willem Einthoven na ƙasar Holan ya fito da na'urar awon bugun zuciya, wata ƙatuwar aba da sai an tsoma hannuwa da ƙafar mutum cikin ruwan gishiri kafin ta yi aiki. A 1929 Hans Berger ya wallafa yadda ake ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. Kowace na'ura tana neman mai kula da ita, likita kuma ba shi da lokacin zaman. Sai aka riƙa ɗaukar samari suna wanke kwalabe, suna dafa abincin da ake kiwon ƙwayoyin cuta a ciki, suna yanka tsoka siriri don dubawa a madubin likita. Da gani da yi suka koya, ba takarda, ba matsayi.

A 1912 waɗannan mataimaka suka kafa ƙungiyarsu a Ingila, wadda bayan sauye-sauyen suna ta zama IBMS ta yau, cibiyar masana kimiyyar ɗakin gwaji, suka soma shirya jarrabawa da kansu. Dokar 1960 ta kawo musu rajistar gwamnati. A daidai wannan zamani aikin kansa ya sauya kama: na'urar Coulter mai ƙidaya ƙwayoyin jini da AutoAnalyzer ta 1957 mai auna sinadaran jini sun karɓe aikin hannu, suka bar wa mutum mafi wuyar, wato gane lokacin da na'ura ta faɗi ƙarya.

Nan ne ainihin dalilin da ya sa aka koma jami'a. A ɗauki sinadarin potasiyam. Idan an ja jini da ƙarfi ta siririyar allura, ko aka jijjiga kwalbar, jajayen ƙwayoyin jini sukan fashe su zubar da potasiyam ɗin da ke cikinsu, sakamako ya fito sama alhali mutum ƙalau yake. Idan an fara cika kwalbar gwajin ƙidayar jini mai sinadarin EDTA, wanda ke hana jini daskarewa, kafin sauran, ɗigo kaɗan ya isa ya ɗaga potasiyam ya kayar da kalsiyam. Na'ura lamba kawai za ta bayar. Ma'aikacin da ya san ilimin jiki shi zai ce waɗannan lambobi biyu ba su dace da mai rai ba, a sake ɗibar jini. Haka a awon zuciya: wayoyi 10 ake liƙawa su ba da zane 12, kuma musanya na hannun dama da na hagu kaɗai na iya sa lafiyayyar zuciya ta yi kama da mai ciwo.

Duk da haka, har farkon wannan ƙarni horon a warwatse yake. Fannoni sun kai wajen 50, kusan kowanne da hanyarsa da takardarsa. A 2008 ma'aikatar lafiya, ƙarƙashin babbar jami'ar kimiyya Sue Hill, ta gabatar da shirin haɗa su wuri guda, aka tabbatar da shi a 2010. Tsani mai hawa uku ya fito. Na farko, PTP, digiri ne na shekara uku da mako 50 na sanin makamar aiki a asibiti. Na biyu, STP, shekara uku ne ga wanda ya riga ya yi digirin kimiyya da sakamako mai kyau. Ana biyansa albashi, ya fita da digiri na biyu. Gasar shigarsa tana da zafi ƙwarai. Na uku, HSST, shekara biyar ne zuwa matsayin ƙwararre mai ba da shawara. Daga baya an ƙara hanyar yin digiri mutum yana bakin aiki.

Ayyukan sun kasu gida huɗu. Akwai na ɗakin gwaji: jini, ƙwayoyin cuta, tsoka, ƙwayoyin gado. Akwai masu auna aikin gaɓoɓi, kamar zuciya, huhu, ji, barci da jijiyoyi, kuma su ne suka fi zama da marasa lafiya ido da ido, don haka mai ganin fannin ɓuya ne daga jama'a ya sake tunani. Sai masu fiziks da injiniyanci, da ke lissafa yawan hasken da za a harba wa ƙari da kula da na'urorin asibiti. Na huɗu, mafi ƙuruciya, masu nazarin bayanan lafiya da kwamfuta. Masu ɗaukar hoton eksire da masu gashin ƙashi ba sa cikin wannan rukuni. Nasu digirin daban ne.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne rajista, kuma abin takaici ne ganin yadda ake gane hakan a makare. Doka ta killace sunan masanin kimiyyar ɗakin gwaji, ba mai amsa shi sai wanda ke cikin rajistar HCPC, hukumar da doka ta ɗora wa rajistar ma'aikatan lafiya irinsu. Jami'o'i da dama na ba da digiri mai suna kusan iri ɗaya, wani IBMS ta amince da shi, wani ba ta amince ba. Wanda ya yi marar amincewa sai ya kai takardunsa a tantance, galibi a ce ya koma ya cike wasu darussa da kuɗinsa. Mai digiri amintacce ma bai gama ba, sai ya kammala kundin shaidar ƙwarewa a ɗakin gwajin da aka yarda ya horar. Idan kwas ɗin bai ƙunshi shekarar asibiti ba, zai fito ya shiga neman gurbin horo, guraben kuma kaɗan ne. Shi ya sa ake samun masu digiri suna aikin mataimaki suna jiran layi. Masu auna aikin gaɓoɓi a matakin PTP kuwa, yawancinsu rajistarsu ta sa-kai ce a ƙarƙashin AHCS, wata ƙungiyar ma'aikatan kimiyyar lafiya, ko da yake asibitoci da yawa sukan nemi ganinta kafin su ɗauki mutum.