Ɗiyauci: wai na ƙasa ne, ko na mai riƙe da ita?

Tun da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, kalmar ɗiyauci ta tsallako iyaka ta cika mana kunne. Janar Tiani da ya karɓi mulkin ɗiyauci, masu sharhi a rediyoyin Abuja ɗiyauci. Wasu ma "diyauci" suke cewa, ba lanƙwasa, har na ji wani mai gabatar da shiri yana danganta ta da diyya, wai fansar abin da Faransa ta ci. Haba malam! Diyya Larabci ce, kuɗin jini. Ina ruwan biri da gada?

Asalinta ɗiya ne. Abin da Bakano ke kira 'ya ko 'ya'ya, mutumin Sakkwato da na Adar a Nijar ɗiya suke cewa. Ɗa kuwa a tsohuwar Hausa bai tsaya ga wanda ka haifa ba, kishiyar bawa ne: wanda ba a saye shi ba, ba a kuma sayar da shi. Daga 'ya aka sami 'yanci, daga ɗiya aka sami ɗiyauci, uwa ɗaya uba ɗaya. Sai dai ɗiyauci ya ɗauko wani nauyi na hali. In tsoho ya ce "wane ɗa ne", yana nufin mai kunya, mai cika alkawari, wanda ba ya cin amana ko da babu mai ganinsa. Wato tun farko sifar mutum ce, daga baya 'yan siyasa suka ɗinka wa ƙasa rigar.

To a nan ne nake jin haushi. Da aka sa wa ƙasa rigar, sai mai mulki ya zura nasa wuyan. An fatattaki sojojin Faransa a ƙarshen 2023, wannan kam ɗiyauci ne, ban musa ba. Amma tsare Bazoum ba shari'a, da rushe jam'iyyu, da rantsar da Tiani a Maris 2025 ya yi shekara 5 ba zaɓe, duk an cusa su buhu ɗaya. Ka yi tambaya, ka zama ɗan koren Faransa.

Mu ma nan ba kanwar lasa ba ne. A nan Abuja ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna ranar 30 ga Yulin 2023 ta ba Yamai mako guda ta mayar da Bazoum kan mulki, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da ke haska yawancin Nijar. Aka ce ai wutarmu ce, ikonmu ne. Janar-janar ɗin suna da janareto. Mai sayar da ƙanƙara a Maraɗi ne ya ji a jikinsa, da direbobin da kayansu suka ruɓe a Jibiya da Illela, har aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024.

Akwai wani Ba'adare mai shayi a Garki da nake zama teburinsa. Ran nan rediyonsa na ta ɗiyauci, na ce, "Baba, kai ma ka samu naka?" Ya ci gaba da sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, ya ce, "Yaro, daga nan zuwa Tawa, shinge nawa ne ban ƙirga ba, amma kowanne sai na miƙa. Na wannan gefe ya karɓi naira, na wancan ya karɓi sefa." Ya turo mini kofin, ya ce in ƙara sukari da kaina, ya yi tsada.